Shibra a gonar gero: yadda ɗakin gwaji ke gane shuka ruwa biyu

A ƙarshen daminar bara na yi kwana biyu a ƙauyen kawuna, wajen Yagwa a arewacin Kamaru, inda ƙasar jigawa ce kuma gero ke yin kyau. Da sassafe muka shiga gona. Yana tafe yana duba zangarniya, can sai ya tsaya a gaban wani gindi da ya fi na kusa da shi yawan kara, kawunansa sirara, gajeru, masu gashi. Ya kama ɗaya ya murza a tafin hannu. Tun bai matsa ba tsabar ta zube, ƙanana, kowace a lulluɓe da ƙaiƙayi.

Ya ce, "Ka ga shibra. Ɗana, ku da kuka yi boko, gaya mini, ni na shuka ta ko ita ta shuka kanta? Irin nan da hannuna na zaɓe shi, zangarniya-zangarniya."

Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, wannan tambayar ido kaɗai ba zai amsa ta ba."

Tun daga ranar tambayar ke cina, domin irinta ce ake kai wa ɗakin gwaje-gwaje, wanda mu nan muke ce wa labo. Baƙuwar shuka a gona wuri uku ake zargin ta fito. Ko dai garwaye ne, wato ƙwayar wani iri ta faɗa buhu a masussuka ko a kasuwa, ko gyauro ya tsiro daga abin da ya zube bara. Ko kuma cuta da ƙishi da mugun wuri ne suka sauya mata kama, jininta kuwa yana nan yadda yake. Ko kuwa aure aka yi: iska ta kwaso bununi, garin furen wata shuka 'yar uwa, ta zuba a kan furen taka, abin da aka haifa ya zama ruwa biyu. Kowanne da maganinsa. Garwaye a canja buhu, cuta a nemi magani, amma aure ya shiga cikin irin kansa, kuma zai bi shi shekara da shekaru.

Kada a haɗa wannan da masara mai aure da ake sayarwa a shago. Can uwa masara ce, uba masara ne, kuma wanda ya haɗa su ya san su, suna rubuce a littafinsa. Abin da nake magana a kai shi ne auren jinsi biyu makusanta, kamar shinkafar Asiya da ta Afirka, ko auren shukar gida da 'yar uwarta ta daji, wanda ba a gayyaci kowa ɗaurinsa ba.

Gwajin farko ba ya bukatar komai sai fili da haƙuri. A ɗebi tsabar shukar da ake zargi, a shuka ta a keɓe, a ga 'ya'yanta. In garwaye ce, 'ya'yan za su fito kama ɗaya da uwarsu. In ruwa biyu ce, sai su rarrabu, wannan ya ɗebo dangin uwa, wancan dangin uba, kamar yadda Mendel, masanin gadon halitta, ya nuna da wakensa a 1866. Akwai kuma alamomin jiki. A shinkafa, misali, ana duba 'yar fatar nan da ke inda ganye ya rabu da kara: a ta Asiya doguwa ce mai tsini, a ta Afirka gajera ce mai baki zagaye. Aibin wannan hanya biyu ne. Tana cin damina guda cur, kuma kama tana ruɗi, domin sau da yawa ruwa biyu yakan ɗebo ɗaya daga iyayensa sak, ya ɓoye ɗayan.

Da an shiga labo, abin da ya fi araha shi ne duba bununin. Ana kaɗa shi a kan ɗan gilashi, a ɗiga masa rini, a sa a madubin ƙara girma. A shinkafa ruwan aidin ake ɗigawa. Ƙwayar bununi lafiyayya cike take da sitaci, sai ta yi baƙi wuluk, zagayayya; wadda ba komai cikinta sai ta tsaya fari-fari a yamutse. Ɗan fari na auren shinkafar Asiya da ta Afirka kusan duk bununinsa wofi ne, shi ya sa zangarniyarsa ke tsayawa a miƙe, ba nauyin da zai sunkuyar da ita.

Dalilin wannan rashin haihuwa kowa ya san misalinsa a dabbobi. A tsakiyar kowace ƙwayar jiki akwai wasu naɗaɗɗun zare da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon halitta, rabi daga uwa, rabi daga uba. Doki yana da 64, jaki yana da 62, alfadari ya tashi da 63, waɗanda ba sa haɗuwa biyu-biyu lokacin yin ƙwayar haihuwa. Haka abin yake ga gero da ciyawar giwa. Gero 14 gare shi, ciyawar giwa 28, ɗansu 21, ga ganye mai yawa don dabbobi amma ba tsaba. To ƙirga kuromosom hanya ce ta kama ruwa biyu, kuma aiki ne na hannu mai kyau. Ana jiƙa iri a kan takarda mai laima har ya tsiro, a yanke kan saiwar, ɗan tsinin nan fari inda ƙwayoyi ke ta rabuwa, a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ko wani sinadari da zai tsayar da rabuwar a daidai lokacin da zaren ya dunƙule. Sai a kashe shi a haɗin alkohol kashi uku da asid kashi ɗaya, a rina, a danne shi da babban yatsa a ƙarƙashin siririn gilashi har ƙwayoyin su baje, sannan a ƙara girmansa sau dubu a ƙirga. Mai yi yakan duba gilashi da yawa kafin ya sami ƙwaya ɗaya da zarenta suka baje ba su hau juna ba.

Akwai na'urar da ke gajarta wahalar. Ana daddatsa ɗan ganye da sabuwar reza a cikin wani ruwa, a tace, a zuba rini mai manne wa DNA, wato sinadarin da zaren kuromosom ke ƙunshe da shi, sai cibiyoyin ƙwayoyin su bi layi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, na'urar tana auna hasken kowace. Cikin mintoci kaɗan an auna dubbai, an san yawan DNA na shukar. Wannan dabarar daddatsawa da reza tun 1983 ake amfani da ita. In iyayen sun bambanta a yawan DNA, ɗansu yakan faɗo tsakiya.

Sai dai amfanin gonarmu mafi yawa ba sa shiga wannan tarko. Shinkafar Asiya 24, ta Afirka 24, shinkafar dajin da ke cikin fadamun kogin Logon ita ma 24. Dawa 20, dawar dajin da ke bakin gona 20. Wake 22, waken daji 22. Audugar da ake nomawa daga Garwa har kudancin Chadi tana da 52, 'yar uwarta mai dogon zare da aka fi sani da ta Masar ita ma 52. Gero da geron daji kuwa 14 da 14, kuma shibra tana haihuwa lafiya lau. Duk wanda ya kai shibrar kawuna a ƙirga mata kuromosom, zai dawo da takardar da ba ta faɗa masa komai ba.

Nan ne gwajin DNA ya shigo. Kafin shi an yi zamanin gwajin furotin na ganye da iri, ya yi amfani a lokacinsa amma alamominsa kaɗan ne. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne dabarar kwafin DNA da ake kira PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, ta ba shi kyautar Nobel a 1993.

Ga yadda aikin yake a kan teburi. Ana niƙa ɗan ganye, wanda bai fi farce ba, a cikin ɗan turmi. A zuba masa wani ruwa mai kama da sabulu, a ɗumama a kusan digiri 65 don ya fasa ƙwayoyin, a wanke dattin da wani sinadari, a juya a na'ura mai gudu, a tsiyaye ruwan sama, a zuba alkohol mai sanyi. Sai ka ga wani abu fari kamar yanar gizo yana taruwa a gindin 'yar kwalbar. DNA ke nan. Daga nan na'urar PCR za ta ɗauki wuri ɗaya tak da aka zaɓa a cikin wannan dogon zare ta yi ta kwafinsa, tana zafafawa zuwa kusan digiri 94, ta sauko wajen 55, ta hau 72, ta sake, sau talatin ko fiye. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai, kuma ninki talatin ya haura biliyan ɗaya.

Wuraren da aka fi zaɓa su ne inda haruffan DNA ke maimaita kansu, kamar GA GA GA, waɗanda ake kira SSR. Wani iri yana da maimaici goma a wurin, wani sha shida, don haka guntun da aka kwafa tsawonsu ya bambanta. Ana ɗiga su a ramukan wani farantin daskararren abu mai kama da kamun da ya kwana, a sa wutar lantarki. Gajeren guntu ya yi nisa, dogon ya tsaya baya. In aka haska, layin uwa zai nuna zane ɗaya a ƙasa, na uba zane ɗaya a sama, na ɗansu kuwa zane biyu, sama da ƙasa. Wanda ya taɓa ganin wannan hoton ba ya mantawa, gado ne a fili kamar an rubuta. Akwai wata hanya mai araha da ta yi tashe bayan 1990, RAPD, amma sakamakonta yakan canja daga labo zuwa labo, ni dai ba zan yanke wa manomi hukunci da ita ba.

Zane biyu ma yana iya yin ƙarya, kuma nan nake so a tsaya. In mai ɗibar samfur ya haɗa ganyen shuka biyu a ambulan ɗaya, ko ya niƙa tsaba goma tare, farantin zai nuna zane biyu ko da babu ruwa biyu ko ɗaya a ciki, garwaye ne kawai ya sa rigar aure. Dole kowace shuka da ambulanta. Tsabar kanta ma ba jini ɗaya ba ce. Fatarta naman uwa ne zalla, garin cikinta kashi biyu na uwa ne, ɗaya na uba, ɗan tsiron da ke kwance a gefe shi kaɗai ne rabi da rabi. Shi ya sa mai lura yake tsirar da ita, ya ɗauki ganyen. Kuma ba a karanta farantin da babu layin uwa da na uba a gefe, da wani layi na ruwa zalla don a tabbatar ba ƙura ce ta faɗa ba.

In an tabbatar da auren, sai a tambayi wa ta haifa, wa ya kawo bununi. Koren ganye yana da ɗan DNA nasa daban, wanda a gero da dawa da shinkafa ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Duba shi zai nuna ko ta daji ce ta yi wa ta gida barbara ko ta gida ce ta fita daji. Ga mai noman iri bambancin babba ne, domin na farko yana nufin irinsa ne ya gurɓata.

Duk abin da na faɗa ya zuwa nan game da ɗan fari ne, shi kuwa kama shi da sauƙi, tun da a kowane wurin da iyayensa suka bambanta zane biyu zai nuna. Amma a gona ɗan fari ba ya tsayawa. Bununin gonar zai sake hawansa, jikan ya tashi da rubu'in jinin baƙo, tattaɓa-kunne da sumuni, wato kashi 12.5 cikin ɗari. A wannan mataki, a kowane wuri da aka duba, damar ganin zanen baƙon ɗaya ce cikin huɗu. Mu yi lissafi. In wurare biyar kawai aka duba, masu nisa da juna, kusan shuka 24 cikin 100 na irin waɗannan za su wuce a ce tsarkakakku ne. In an duba goma, sai su ragu zuwa kamar shida. Saboda haka in aka miƙo maka takarda an rubuta "babu gauraye", tambaya ta farko ita ce wurare nawa aka duba, kuma a kan kuromosom nawa suka bazu.

Shinkafar NERICA misali ce mai kyau ta wannan. Monty Jones, ɗan Saliyo, da abokan aikinsa a cibiyar binciken shinkafa ta WARDA da ke Buwake a Kodebuwa, wadda yanzu ake kira AfricaRice, sun aurar da ta Asiya da ta Afirka a shekarun 1990, suka shawo kan rashin haihuwar ta hanyar maimaita aure da ɓangaren Asiya, aikin da ya ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2004. Jinin Afirka da ya rage a cikinta kaso ne ƙarami, a warwatse gutsi-gutsi, sai da alamomi masu yawa ake gano inda yake. Wani bincike da aka buga a 2009 kuma ya gano, ta hanyar DNA, cewa manoma a Saliyo da Gine-Bisau suna da nasu irin shinkafar da ta fito daga auren jinsin biyu a cikin gonakinsu, ba hannun wani masani. Yau an fi amfani da bambancin harafi ɗaya-ɗaya na DNA, wanda ake iya duba ɗaruruwa ko dubbai a lokaci guda, kuma da irinsu AfricaRice ta sake tantance rumbun irinta, ta tarar da wasu an ajiye su da sunan jinsin da ba nasu ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi kowace kyan gani, inda ake rina DNA na uwa da launi mai ƙyalli, na uba da wani launi, a zuba a kan kuromosom ɗin ɗan, kowanne ya je ya manne wa danginsa. Da ita aka ƙarfafa hujjar cewa gyaɗarmu, mai kuromosom 40, tsohon aure ce tsakanin gyaɗar daji biyu na Kudancin Amurka masu 20 kowace. Tana aiki ne in iyayen sun yi nisa da juna. Ga makusanta launukan biyu kan manne ko'ina.

Shibra ita ce mafi wuya a cikinsu duka. Daga geron dajin Sahel aka samo geron gida, shekaru fiye da 4,000 da suka wuce, har masana da yawa suna ɗaukarsu jinsi ɗaya. Gero kuma shuka ce mai son auren waje, domin macen furensa tana riga namijin fitowa, sai ta karɓi bununin maƙwabta. Da wuya a sami wani zane da za a ce na daji ne shi kaɗai. Zanen da ka gani a duka biyun yana iya zama gadon kaka ɗaya tun fil azal, yana iya zama auren shekaran jiya, kuma farantin ba ya rubuta kwanan wata. Abin da ake yi shi ne a ɗebi shuka da yawa, na gida da na daji da na tsakiya, a duba wurare da yawa, kwamfuta ta auna yawan kowane zane a kowane rukuni ta ce wannan shukar kaso kaza nata ya karkata nan, kaso kaza can. Da irin wannan aka yi nazarin dawar mutanen Dupa, wajen Poli a arewacin Kamaru, a shekarun 2000, aka ga dawar da ke tsirowa da kanta a gonakinsu tana ɗauke da alamun ta gida da ta daji. Amsar a nan ƙiyasi ce, kuma ingancinta ya rataya ne a kan samfuran da aka kwatanta da su.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Labo bai san gero ba, bai san shibra ba, kwatanci kawai yake yi da abin da aka ce masa shi ne uwa, shi ne uba. In geron Indiya aka ajiye a matsayin na gida, ko geron dajin Senegal a matsayin na daji, geron Yagwa tsarkakakke yana iya fitowa kamar ruwa biyu alhali bambancin ƙasa ne kawai. A ganina, kafin a yi zancen sayen manyan na'urori, aikin da ya fi cancantar cibiyoyin binciken noma na IRAD a Marwa da ITRAD a Chadi da jami'o'in Marwa da Ngaundere shi ne tara iyayen nan na ƙasarmu, a ajiye su da sunan da manomi ke kiransu. Masakwar karal, dawar rani ta ƙasar laka, da Fulani ke rarrabewa safrari, majeri, burguri da ajagamari, da berbere, wato masakwar Chadi, da dawar dajin bakin fadama, da shinkafar dajin da ke kewaye da filayen kamfanin noman shinkafa na SEMRY a Yagwa da Maga, duk suna bukatar a san zanensu. Na'ura ana iya aron tata a ƙasar waje, a aika busasshen ganye a ambulan, bisa yarjejeniya a rubuce kan wanda ya mallaki samfurin. Iyayen kuwa a nan suke.

Kuma kada a ɗauka duk jinin daji asara ne. Shinkafar dajin nan mai saiwa a kwance, wadda manoman shinkafa ke ƙi don wuyar cirewa, daga irinta da aka ɗebo a Mali aka samo gadon Xa21, mai kare shinkafa daga cutar bushewar ganye, aka ware shi a 1995. Shibra ma tana riga gero nuna, kuma tsofaffi sun san gidajen da ta riƙe a watan da rumbu ya ƙare.

Da na koma wurin kawu bayan girbi, abin da na iya gaya masa shi ne zaɓen zangarniya yana nuna masa uwa ne kawai. Kyakkyawar zangarniyar da ya rataye tana iya ɗauke da ƙwayoyin da ubansu shibrar gefe ce, domin bununinta ya tashi tun kafin ya gane ta. Ga kuma tsabarta da ke zuba ƙasa ta jira ruwan baɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ke nan tun tana ƙarama za a bi ta, kafin ta yi fure, kuma iri daga tsakiyar gona za a ɗiba." Na ce haka ne, kawu.

Mun shirya in damina ta kama zan dawo da ambulan na takarda, domin leda tana dafa ganye a zafinmu ya ruɓe kafin a kai gari, da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Za mu ɗebi ganye ƙarami daga gindi talatin na geron da ya yarda da shi, talatin na shibra, da duk geron dajin da muka samu a bakin hanya, kowanne a ambulansa. A bayan kowace zan rubuta ranar da wurin, da sunan da kawu ya kira shukar da bakinsa.